Na rantse masa da Allah, sannan na ci birninsa a gem

Daga admin: wani ɗan uwa ne ya turo ta inbox daga Gombe, ya roƙi a sakaya sunansa. A tausasa harshe a kwament.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin na gode, don Allah kar sunana ya fito ko da wasa. 'Yan uwa shawararku na zo nema, ku taimaka ku ba ni ita tsakani da Allah. Na san wasu tun kafin su kai rabi za su fara dariya, su ce ƙato da gemu da iyali ya zo yana kukan gem ɗin kwamfuta alhali gari na cikin halin da yake ciki. Ku yi dariyarku, ni ma da wani ne ya rubuto da na yi. Amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don ba ni da wanda zan iya duban idonsa in faɗa masa wannan maganar.

Ni ɗan Tudun Wada ne, ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a bakin layinmu, gidanmu yana bayan shagon. Shagon da ke manne da nawa na wani Ibo ne, zan kira shi Obinna, ba shi ne sunansa ba. Gyaran janareto yake yi da sayar da kayansa, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama suna zaune a ɗakin da ke bayan shagon nasa, bango ɗaya ne ya raba su da tsakar gidanmu. A nan Gombe aka haife shi, firamare ɗaya muka yi, Hausarsa har ta fi tawa daɗi, kuma in ya shigo gaida mahaifiyata da Fillanci yake gaishe ta, ita kuwa Dada ba ta kiransa da komai sai ɗana. Iyayensa sun koma garinsu can kudu da tsufa ya zo, shi ya ce ba inda za shi, nan ne garinsu.

Akwai abin da sai kun sani kafin ku gane sauran. A gidanmu ba a cewa wallahi. Na san a gari kalmar ta zama ruwan sha, mai lemu ma sai ya rantse maka kafin ka taya, amma Dada tun muna yara in ta ji ta a bakinka sai ta ɗalle maka leɓe, ta ce sunan Allah ba gishirin hira ba ne. Obinna ya sha ganin ana ɗalle ni, shi ma ta taɓa ɗalle shi ranar da ya kwaikwayi yaran layi a gabanta. Don haka ya san ni sarai. Ina iya ce wa kwastoma aikinsa ya kusa alhali ko taɓawa ban yi ba, ina iya cewa ga ni nan a hanya alhali ina kan tabarma, wannan duk ya sani yana ma tsokanata da su, amma bai taɓa jin na rantse ba.

To da abubuwan nan suka taso, yau a ce tasha, gobe a ce kasuwa, sojoji a kowace kwana, ka sauka daga mashin ka tura, ka ɗaga hannu ka wuce, 'yan uwansa da yawa suka tattara suka tafi. Matarsa, Maman Ngozi muke ce mata, ta tada hankalinta ita ma sai sun tafi, ta ce ba mutanen daji kaɗai take tsoro ba, tana tsoron ranar da gari zai rikice a rasa gane waye maƙwabci. Ranar nan a tsakar gidanmu, Dada na zaune tana ji, na ce masa wallahi duk ranar da wani abu ya taso ƙofarmu a buɗe take, ku shigo kai tsaye, ba mai taɓa ku sai ya fara bi ta kaina. Na zaci Dada za ta harare ni, sai ta ce wannan kam wurinta ne, ta yi shaida. Obinna ya juya ya ce wa matarsa ta kwance kaya, tunda ya ji wannan kalmar a bakina magana ta ƙare. Kuma an yi hakan, akwai ranakun da aka ji ƙara gari ya ruɗe, kafin in rufe shago sun riga ni shiga, in tarar da Ngozi a cinyar Dada tana shan fura, uwarta da matata suna tsinar shinkafa.

Yanzu ga inda gem ya shigo. Kasuwa ta mutu, makarantu yau a buɗe gobe a rufe, sai mu wuni ba wanda ya leƙo. Wani ɗan bautar ƙasa da zai bar gari a gaggauce ya bar wa Obinna tsohuwar laftof, a ciki muka tarar da wani gem na gina daula. Ga waɗanda ba su san irinsa ba, ba irin na harbi da gudu ba ne, wannan kamar dara yake, bi da bi ake yi. Za a ba ka mutum ɗaya a tsakiyar taswira, ko'ina baƙi ƙirin ba ka ganin komai sai inda ƙafarka ta taka. Ka nemi bakin kogi ka kafa gari, ka sa ma'aikata su yi gona su yi hanya, ka gina rumbu, ka zaɓi ilimin da mutanenka za su nema, ko rubutu ko ƙira ko hawan doki, kowanne da abin da yake buɗe maka. In ka gama abin da za ka yi sai ka danna ka gama, layi ya koma kan na gaba. Akwai daulolin da kwamfuta ke juyawa, su ma suna nasu. Kuma cin gem ɗin hanya-hanya ne, ko ka murƙushe kowa da yaƙi, ko ka riga kowa kammala wani babban aikin ilimi, ranar da ya kammalu kai ka ci ko da ba ka taɓa harba kibiya ba.

Da yake laftof ɗaya ce, mutum biyu suna iya bugawa a kanta, in ka gama sai ta rufe taswirarka ta rubuta cewa layin wane ne. Sai muka kafa doka, wanda ba layinsa ba zai juya kujerarsa ya fuskanci titi, ba waiwaye, har sai an ce masa juyo. Don duk daɗin abin a nan yake, ba ka san abin da ɗan uwanka ke ƙullawa a cikin duhun nan ba. Kullum bayan azahar mu ja benci a shagona, shi ya tada ƙaramin janareto, mu buga har a kira la'asar, in dawo mu ɗora zuwa lokacin da za a fara rufe shaguna saboda dokar hana fita. Gem ɗaya yakan ɗauke mu makonni. Gaskiya abin nan ya riƙe mu, a lokacin da kowa in ya zauna ba ya da hira sai ta wanda aka kashe da wanda aka kama, mu muna musu a kan wa ya riga wani gano ƙarfe.

Kowa da salon wasansa. Ni da na ga dawaki ko shanu a taswira sai in ruga in kafa gari a wurin ko da ba ruwa, Obinna ya yi ta dariya yana cewa Bafillace ko a kwamfuta aka sa shi sai ya bi saniya. Ina tara mahaya, ina son yaƙi, garuruwana kuma kullum cikin yunwa da bore don ba na kula da rumbu. Shi kuwa ɗan kasuwa ne har a can, garuruwa kaɗan, kowanne a bakin ruwa, hanya ta haɗa su, kasuwa da ɗakin karatu a ko'ina, soja ɗan kaɗan na tsaron ƙofa. Ina can ina fama da bugun ganuwar wani, sai kawai in ji kiɗa ya tashi, wai Obinna ya kammala aikinsa ya ci. Haka ya yi ta yi mini, ban taɓa cinsa ba ko sau ɗaya. Ni kuma ina da wani hali da ba na so, ba na iya haɗiye kaye, ko a ludo aka cinye ni sai in wuni ina cin magani. Ga kuma Buba, ɗan ƙanin babana da ke kawo kayan gwari daga Kwadon, in ya sauke kaya sai ya zo ya tsaya a kanmu, ba ya gane komai a gem ɗin sai lambar maki da ke gefe, ya yi ta cewa Hamma kai kullum a ƙasa kake, Ibo ya mallake ka a kasuwa ya mallake ka a kwamfuta. Wasa yake yi, na sani, amma maganar tana cina.

A wannan gem na ƙarshe sai aka ajiye mu maƙwabta, ni a arewa ina da dawaki ba ƙarfe, shi a kudu yana da ƙarfe ba dawaki. Muka ƙulla yarjejeniya, ina ba shi doki yana ba ni ƙarfe, ya sa ma'aikatansa suka shimfiɗa hanya tun daga babban birninsa har bakin iyakata don fatake su riƙa zirga-zirga. Ku riƙe maganar hanyar nan, don a gem ɗin soja in yana kan hanya tafiyarsa ninkuwa take yi, mahayi kuwa sai ya ci nisan da mai ƙafa zai yi layi da yawa bai kai ba. Ana nan sai wata daular kwamfuta, Jajaye muke ce musu saboda launin tutarsu, suka auko mini da majaujawa da masu sulke, suka cinye mini gari, suka kewaye babban birnina. Na ga ba makawa za a share ni daga taswira. Ina fuskantar titi na ce masa ya taimaka. Ya yi dariya ya ce zai turo sojoji, amma ya san ni da son yaƙi, yarjejeniyar kwamfuta kuma danna ɗaya ce ta warware, me zai riƙe? Na ce ya yarda da ni kawai. Ya ce a'a, in faɗi wadda ya sani. Ina dariya, yana dariya, na ce wallahi ba zan taɓa ka ba har gem ɗin nan ya ƙare. Kuma a lokacin har zuciyata haka nake nufi.

Ya turo sojoji, suka fasa kewayen, suka kora Jajaye har cikin ƙasarsu, na samu na numfasa na sake tara mahaya. To ranar da abin ya faru layinsa ne, ina zaune na ba shi baya, sai wayarsa ta yi ƙara. Mamarsa ce daga kudu, duk ranar da ta ji Gombe a rediyo sai ta kira tana kuka. Ya tashi ya fita bakin shago, ya bar laftof a buɗe a kan taswirarsa, bai ko rufe murfin ba, don me zai rufe? Ina jin sa yana magana da yarensu, ba na jin yaren amma na ji sunana ya fito, na ji ya ambaci Dada, na san abin da yake gaya mata, cewa ta kwantar da hankalinta yana da mutane. Jama'a, a daidai wannan lokacin na waiwaya. Ban tsaya a waiwaye ba, na miƙa hannu na ja taswirar zuwa babban birninsa. Ba kowa a ciki sai wani tsohon mai mashi guda ɗaya tun na farkon gem, duk sauran ya tura su ceto na. A gefe kuma ga babban aikin iliminsa, saura ƙiris ya kammala. Na ce a raina wato zai sake cinye ni ke nan, har da taimakona da ya yi a sama, Buba ya samu abin faɗa na shekara. Na juya da sauri na fuskanci titi. Ya dawo ya zauna, na ji shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da danne-dannensa, ya ce in juyo.

Ban kai hari ranar ba, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya, don da a cikin zafi na yi da sai in ce shaiɗan ne. A'a, shiri na yi. Na ja mahayana ɗaya bayan ɗaya na jera su a bakin iyaka, daidai inda hanyarsa ta ƙare, da ya ga ƙurarsu ya tambaya na ce zagayawa zan yi in ɓullo wa Jajaye ta baya. Na kwana da abin, na yi sallah da shi, na ci tuwo da shi. Washegari Buba na tsaye a kanmu, layina ya zo, Obinna ya juya yana kallon titi yana cin gyaɗa. Na danna shelar yaƙi, kwamfuta ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata, na ce eh. Mahayana suka hau hanyar da ya shimfiɗa don kasuwancinmu, a layi ɗaya suka isa, mai mashin nan bai ko ɗau lokaci ba. Birnin ya koma launina, aikin iliminsa ya rushe, makina ya haura sama. Buba ya buga ihu yana tafi, ni ma na tashi ina dariya ina cewa yau dai an zo wurin.

Obinna ya juyo ya karɓi laftof, ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi masifa mu yi musu mu wuce kamar kullum, ai da ya zage ni ma da na ji daɗi. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni a hankali ko ba na rantse ba. Ni kuma da bakin nan nawa, ina dariya, na ce haba Obinna, wannan ai wasa ne, gem ne fa. Ya gyaɗa kai ya ce to, shi bai san iri biyu ce da ni ba, ta wasa da ta gaske. Ya kashe janareto, ya ce yana da aiki, ya shige shagonsa. Buba ya ce rabu da shi zafin kaye ne, ni ma na ce haka ne, amma tun kafin in rufe shago abin ya fara damuna.

Daga ranar bai sake zama a benci ba. Muna gaisawa, yana ba ni wuta in an ɗauke, yana shiga gaida Dada, amma in na ce mu ɗora sai ya ce sai an jima. Ni kuma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri, ina ganin in na ba da haƙuri a kan gem ai na mai da ƙaramin abu babba. Na dai je wurin wani malami da nake karatu a gunsa na yi masa bayani a kaikaice, sai da ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce rantsuwa rantsuwa ce ko a kan me aka yi ta, in yi kaffara. Na yi yadda ya ce, na ciyar, na ce shi ke nan na wanke kaina.

Sai ranar da aka wayi gari da harbi ta bakin gari, kun dai ji labari, ba sai na faɗa ba. Kowa ya ruga, ana ta rufe ƙofofi, jirgi na shawagi a sama. Na shiga gida na bar ƙofar zaure a sakaye kamar yadda muka saba, Dada ta sa matata ta share ɗakinta ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura ta ajiye wa Ngozi a ƙaramin kofinta. Shiru ba su shigo ba. Na kira wayarsa ba sabis. Na leƙa na ga shagonsa da kwaɗo ta waje, sai na ce wa Dada wataƙila sun fita tun da safe abin ya rutsa da su a coci ko wurin 'yan uwansu. Tsohuwar nan ta wuni a bakin zaure da carbi, ko abinci ba ta ci ba, duk motsin da ta ji sai ta ce ga su nan. Sai da yamma ta yi, gari ya lafa, na ji kukan yarinya ta bayan bangonmu. Ashe suna ciki. Ya sa kwaɗon ne ta waje ya shiga ta taga don a zaci ba kowa, suka wuni a ɗakin nan mai rufin kwano, ba iska, ba fitowa ko banɗaki, uwar tana toshe wa Ngozi baki kar a ji ta. Bango ɗaya tsakaninsu da ƙofar da na bari a buɗe.

Na rasa inda zan sa kaina. Dada da ta ji, ba ta yi faɗa ba, ta dube ni kawai ta ce me ka yi wa ɗana? Na ce ban san komai ba, wataƙila ruɗewa ce. Ta ce mutum in ya ruɗe inda ya yarda da shi yake gudu, ta sake tambayata, na sunkuyar da kai na fita. Ta yaya zan dubi matar da ta ɗalle mini baki tun ina yaro in ce mata na sayar da wallahi a kan birnin kwamfuta don kar Buba ya yi mini dariya?

Washegari na same shi a shago yana kwance wani janareto. Na ba shi haƙuri, na ce na yi kaffara, na ce akwai sebin, wato ajiyar gem ɗin da kwamfuta ta yi kafin harin, mu loda shi mu koma baya kamar ba a yi ba. Har na buɗe baki zan faɗa masa maganar leƙen, sai ya riga ni. Ya ce ya sani. Ya ce ranar da ya fita amsa waya, a fagen yaƙi da Jajaye ya bar taswirar, ya dawo ya tarar da ita a kan birninsa. Ya ce a wannan layin yana da damar dawo da sojoji ta hanya, da sun isa kafin in shirya, har ya ɗora hannu zai yi, sai ya tuna yanzun nan ya gama ce wa mamarsa yana da ɗan uwan da in ya rantse an gama, sai ya ji kunyar ya tsare gari saboda ni. Ya bar shi haka da gangan. Ya ce ba gwada ni ya yi ba, shi dai bai kawo zan yi ba ne. Game da jiya kuma, ya ce har sun fito za su shigo, Maman Ngozi na riƙe da yarinyar, ya kai hannu ƙofarmu sai ya ji ƙafarsa ta ƙi, shi kansa ya san ba hankali a ciki, ya san ba zan cuce su ba, amma ya kasa. Ya ce kar in loda komai, in bar gem ɗin yadda yake, saura masa gari ɗaya a bakin teku kuma layinsa ne, in ya shirya zai buga. Duk wannan yana faɗa yana goge fulogi, bai ɗago ya dube ni ba.

Yanzu maganar da nake muku ya fara rage kaya. Babban janareton da yake ji da shi ya tafi, matarsa ta ba matata tukwanenta manya ta ce ajiya, ya ce wa Dada za su je ganin gida ne ranar Asabar su dawo, amma wanda zai dawo ba ya cire allon shago. Laftof ɗin tana wurina, ya ƙi karɓa, in na buɗe ba abin da ke fitowa sai rubutun nan cewa layin Obinna ne, ba ta gaba ba ta baya sai ya danna.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Dada ba ta yarda da maganar ganin gida ba, ta ce gobe bayan la'asar za ta shiga wurinsu da kanta ta ji abin da ya kori ɗanta. Na san Obinna, ba zai tona ni ba, zai ce mata tsoron gari ne, ita kuma ta yi musu addu'a su tafi, in zauna da mutuncina a idonta. In kuma na faɗa mata gaskiya kafin ta shiga, na san har ta mutu ba za ta sake jin magana a bakina ta ɗauka kamar da ba, amma ita kaɗai ce ta rage da in ta ce masa ƙofar nan tata ce ba tawa ba zai iya yarda, don ita ba ta taɓa karya masa komai ba. Sai kuma wata zuciyar ta ce mini, kai wane ne da za ka sa a tsayar da mutum da matarsa da 'yarsa a garin da ake harbi? In ya zauna saboda Dada wani abu ya same su fa? Wataƙila tafiyar ita ce alheri gare su, ni dai kawai ba na son ya zama ni ne sanadi, ba na son Ngozi ta girma a can ana ba ta labarin ranar da aka toshe mata baki a Gombe alhali maƙwabta na bayan bango.

Don Allah 'yan uwa, musamman manya da ke cikin gidan nan, da 'yan uwanmu Kirista in akwai mai karantawa, ku faɗa mini. In faɗa wa Dada in bar ta ta roƙe su su zauna? Ko in faɗa mata amma in ce ta bar su su tafi? Ko in yi shiru in ɗauki jakarsu in raka su tasha? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. Kuma in kun ce in je in sake yi masa alkawari, ku gaya mini da wace kalma zan yi, don wadda nake da ita guda ɗaya ce kuma na riga na kashe ta. Kofin Ngozi yana nan a ɗakin Dada, ta hana a mayar musu, ta ce ai yarinyar za ta shigo ta sha.